ƊAN KWANGILA, INA LISSAFINKA?

Daga Akawun Jam'iyya

Maganar da za mu yi a wannan mako ta shafi aljihun kowa, tun daga mai rumfa a bakin kasuwa har mai babban kanti, watau maganar ƙarin kuɗin da 'yan kwangila ke nema. Duk wanda ya taɓa ba da aikin gini, ko da ɗan shago ne, ko rufin ɗaki, ko haƙan masai, ya san yadda akan yi. A yi ciniki, a sallama, a ba da kafin alƙalami, gini ya kai linta, sai ga mai aiki ya yi sammako, ya gaishe ka gaisuwa mai tsawo, ya sosa ƙeya, ya ce, "Alhaji, ai kaya sun tashi." Kai kuwa ka rasa ta cewa, gama gini ya kai rabi, ba ka iya barinsa haka, damina kuma ga ta tafe.

Wannan magana ta "kaya sun tashi" mutum iri biyu ke faɗinta. Akwai birkila da kafinta da mai walda, 'yan'uwanmu talakawa, da yawansu ma 'yan jam'iyyar nan ne, waɗanda in ba su nemi ƙari ba 'ya'yansu za su kwana da yunwa. Akwai kuma manyan 'yan kwangilar Gwamnati masu babbar riga, waɗanda ƙarin da suke nema a zama ɗaya ya isa a gina asibitoci birjik. Tun da lafazinsu ɗaya ne, ta yaya talaka zai rarrabe mai gaskiya da macuci? Amsarmu gajeriya ce. Neman ƙari ba laifi ba ne, amma duk mai nemansa sai ya kawo lissafi, abu-abu, a rubuce, yadda mai biya zai iya takawa kasuwa da ƙafarsa ya tabbatar. Da wannan mudu za a auna wa birkila, da shi kuma za a auna wa mai kwangilar biliyoyi.

LALLE KAYA SUN TASHI

Bari mu fara da ba mai gaskiya gaskiyarsa. Ba wanda ke zaune a ƙasar nan da zai ce kaya ba su tashi ba. Ran 29 ga Mayu 2023, ranar da aka rantsar da Shugaba Tinubu, ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin mako ya zagayo litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500, a Oktoba 2024 kuwa ta haura Naira 1,000 a garuruwa da yawa. A Yuni 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai dalar da Gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta wuce Naira 1,500 a Fabrairu 2024. A cikin wannan wata na Fabrairu buhun siminti, wanda ake saye wajen Naira 5,000 a 2023, ya wuce Naira 10,000 a wurare da yawa, har Ministan Ayyuka ya kira kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge, aka tashi a kan buhu mai kilo 50 zai tsaya tsakanin Naira 7,000 da 8,000. Hukumar ƙididdiga ta Gwamnati da bakinta ta ce a Disamba 2024 tsadar kaya ta ɗara ta Disamban 2023 da kashi 34.8 cikin 100. Watau wanda ya ƙulle Naira 100,000 a akwati shekara guda, da ya buɗe sai ya tarar abin da za ta saya masa bai wuce kayan Naira 74,000 na dā ba.

To, ba birkila ya cire tallafi ba, ba kuwa kafinta ya saki Naira ba. Amma da su muke faɗa a bakin gini kullum, waɗanda suka jawo abin kuwa suna can cikin sanyi. Masu magana sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Kada mu zama zomo. Mai shago da mai gina shago duk wuta ɗaya ke cinsu, abin da zai raba su da rigima kuwa shi ne lissafi a fili.

GA 'YAN'UWANMU MASU ƘANANAN KWANGILA

Ya ɗan'uwa mai sana'a, in kuɗinka ya fi na wani, ko kuwa tilas ta sa ka nemi ƙari a tsakiyar aiki, rantsuwa ba za ta fisshe ka ba, marairaicewa ma haka. Ga hanyoyi bakwai da za ka kafa hujja, mai gida ya biya ka da daɗin rai.

Na ɗaya, ka raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Kada ka ce, "Shagon nan miliyan ɗaya ne," ka yi shiru. Ɗauki takarda ka jera: siminti buhu kaza a kan kaza, bulo kaza, yashi tifa kaza, tsakuwa, rodi, katako, kwanon rufi bandir kaza, ƙusa, fenti, sa'an nan ladan birkila, da na kafinta, da na leburori. Kuɗi dunƙule kowa na iya tayawa yadda ya ga dama, gama bai san abin da ke ciki ba. Amma in ka warware shi, mai gida ya ce a rage, sai ka miƙa masa takarda ka ce, "Ranka ya daɗe, nuna mini wanda za a cire." Nan za ka ga ciniki ya koma na hankali.

Na biyu, ka sa wa farashinka kwanan wata da wa'adi. Rubuta cewa wannan lissafi na kasuwar yau ne, ya tsaya har mako biyu, in ya wuce sai a sake dubawa. In an ba ka kafin alƙalami, kada ka kai shi gida ka yi hidimar suna da shi. Je ka a ranar ka sayo siminti da rodi da kwano, ka karɓi rasit, ka ajiye kayan inda mai gida zai gani. Wanda ya riƙe kuɗin mutane wata biyu har kaya suka tashi a hannunsa, shi ya jawo wa kansa, ba ya da bakin neman ƙari.

Na uku, ka bayyana kuɗin dako. Gini a bakin titi da gini a ƙarshen lungu inda mota ba ta shiga, sai an yi ta jido da baro, ba kuɗinsu ɗaya ba ne. Wurin da ke da rijiya da wurin da sai an sayi ruwa wajen 'yan garuwa, su ma haka. Ka faɗi wannan tun ranar da ka je duba fili. Ka kuma faɗi gaskiyar man da ake sha. Tifa ba ta shan fetur, gas take sha, shi kuwa gas tun a 2022 ya yi babban tashinsa, daga wajen Naira 300 zuwa wajen Naira 800 lita. In ka jingina tsadar yashi da fetur a gaban wanda ya san mota, ka zubar da sauran hujjojinka duka.

Na huɗu, ka faɗi abin da kake biyan leburorinka, kada ka ji kunya. A Yuli 2024 Gwamnati da kanta ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000, domin ta san na dā ba ya ciyar da gida. Lebura mai kwaɓa siminti tun hantsi har la'asar shi ma a kasuwar nan yake awo. Ɗan kasuwar da ya ƙara wa mudun masararsa kuɗi ba ya da ikon cewa ladan lebura ya tsaya inda yake shekara uku da suka wuce.

Na biyar, wanda ya fi duka nauyi, ka nuna ingancin aikinka a zahiri, gama gani ya kori ji. Mai buga bulo yana iya fitar da bulo 30 daga buhun siminti ɗaya, yana kuma iya fitar da 50. A ido duk bulo ne. Ɗauko guda daga kowanne ka kai wa mai gida, ka ba shi ƙusa ya karta, sa'an nan ku ɗaga ku saki ƙasa, ya ga wanda zai tsaya da wanda zai koma gari. Haka rodi. Mai milimita 12 da mai milimita 10 in an binne su cikin kankare ba mai rarrabewa, alhali ƙarfen da ke cikin mai 10 bai kai kashi 70 cikin 100 na mai 12 ba. Haka kwaɓi: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, shi ne awon da aka saba a yawancin gine-gine, wanda ya ƙara yashi ya rage siminti zai fi ka araha labudda. Kankare kuma yana son a yi ta ba shi ruwa kamar kwana 7, ba ya cika ƙarfinsa sai wajen kwana 28, ruwan nan da kwanakin nan kuwa duk kuɗi ne. Ka gaya wa mai gida, "Wancan da ya ce zai yi maka a ƙasa da nawa, tambaye shi bulo nawa yake fitarwa a buhu, rodi mai nawa zai sa." Ba sai ka zagi kowa ba. Araha ba ta ado, a gini kuwa har rai takan ci. Ran 12 ga Yuli 2024 benen wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Duk wanda ya ji kukan iyayen nan ya san gini amana ce ta rayuka.

Na shida, in mai gida ya sake shawara, a sake lissafi nan take. An yi da kai taga ɗaya, ya zo ya ce biyu yake so. An yi da kai daɓen siminti, uwargida ta ce sai tayil. Kada ka ce "ba komai" don kunya, sa'an nan ranar biya ka fito da sabon kuɗi. A ranar da aka canja, a ranar za ka ce, "Wannan zai ƙara kaza," a rubuta, a sa hannu.

Na bakwai, kada ka ɓoye ribarka cikin kuɗin siminti. Rubuta ta a fili da sunanta. 'Yan kasuwa ne kake ciniki da su, sun fi kowa sanin ba a aiki don Allah-ya-sa-albarka kaɗai. Abin da ke ɓata musu rai shi ne su gane ka ce buhu 50 alhali 40 ka sa. Ka kuma haɗa da alkawarin cewa in rufi ya yi yoyo a daminar farko, ko bango ya tsage, za ka komo ka gyara ba tare da ka karɓi ko kwabo ba. Wanda ya amince da aikinsa ne kaɗai ke iya wannan alkawari, mai gida kuwa ya san haka.

GA MAI BA DA AIKI

Kai kuma ɗan kasuwa mai ba da aiki, ga inda za ka sa ido. Babbar dabarar macuci ita ce ya ɗauki tashin abu ɗaya ya shafa wa aiki duka. Bari mu yi misali. A ce kun yi cinikin shago Naira 1,000,000, a ciki akwai siminti buhu 40 a kan Naira 5,000, watau Naira 200,000. Siminti ya tashi ya koma Naira 8,000. Macuci zai zo ya ce, "Siminti ya tashi da kashi 60 cikin 100, sai ka ƙara Naira 600,000." Kai! Ashe shagon duka da siminti aka yi shi? Ƙarin Naira 3,000 sau buhu 40, Naira 120,000 ke nan, in ma ba a sayi ko buhu ɗaya ba tukuna. In kuwa an riga an yi aiki da buhu 25 kafin tashin, saura 15, ƙarin gaskiya Naira 45,000 ne. Dubi tazarar da ke tsakanin 45,000 da 600,000. Wannan tazara ita ce bambancin lissafi da labari.

Dabara ta biyu ita ce dala. Akwai kayan da lalle dala ke juya su, irin su makullai da kayan lantarki da wasu tayil da ake shigowa da su daga waje. Amma yashin kogin Challawa ba da dala ake haƙo shi ba, tsakuwa ma a dutsen ƙasar nan ake fasa ta. Siminti kansa a nan ake yinsa, a Obajana da Ashaka da Gboko da Sakkwato, ko da yake masu kamfanonin suna cewa makamashi da kayan gyaran injinsu da dala ake lissafa su. In aka ce maka dala, ka ce a nuna maka wane kaya ne a takardar ya hau jirgi ya zo.

Dabara ta uku, ƙarin da ya san hawa bai san sauka ba. Cikin 2025 fetur ya sauko ƙasa da Naira 1,000 a wurare da yawa. Masu aiki nawa ne suka komo suka ce, "Alhaji, kaya sun sauka, ga ragowar kuɗinka"? In za a rubuta cewa za ka ƙara in kaya sun tashi, a rubuta a layi na biye cewa za a rage in sun sauka.

Amma kai ma da naka. Kada ka tara magina uku ka ba wanda ya fi araha ido rufe, gama kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kada kuma a gama maka aiki ka riƙe ladan mutum wata uku kana juya shi a kasuwa, kana ce masa "gobe", alhali ka ga yadda kuɗi ke narkewa a hannu. Mai aikin da aka taɓa yi wa haka, in ya zo wajen na gaba sai ya ƙara kuɗin jira tun daga farko, mai gaskiya ya biya bashin da mai taurin bashi ya ci. Ku rubuta kome, ku sa shaidu biyu, kowa ya riƙe takardarsa. Malamai sun gaya mana ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A Linjilar Luka ma, sura 14, akwai misalin mai niyyar gini da ya kamata ya zauna ya ƙidaya kuɗinsa tukuna. Musulmi da Kirista ba wanda addininsa ya ce ya yi ciniki a duhu.

TO, INA MANYAN?

Yanzu mu ɗauki mudun nan mu shiga ofisoshin Gwamnati. A kasuwa mai biya da kuɗinsa yake biya, saboda haka yakan ce albarka, ya tashi ya tafi, a kira shi ya komo. A ofis kuwa mai sa hannu ba da kuɗinsa yake biya ba, da naku ne, da harajin rumfa, da kuɗin shiga tasha, da harajin sayen kaya da aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100 a Fabrairu 2020. In kuma yana da rabo cikin kwangilar, to, ƙaruwar kuɗin ita ce ƙaruwarsa. Wa zai yi tayi a madadin talaka ke nan?

Ku dubi hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon wajen kilomita 375, wadda duk ɗan kasuwar Arewa ya san wuyarta. A Disamba 2017 aka ba kamfanin Julius Berger aikinta a kan Naira biliyan 155. A Maris 2021 Majalisar Ministoci ta mai da kuɗin Naira biliyan 797, watau ninki biyar har da ɗoriya. Dalilin da aka bayar shi ne an canja aikin daga gyara zuwa sake gini ɗungum. A Nuwamba 2024 kuma Ma'aikatar Ayyuka ta soke kwangilar sashen Abuja zuwa Kaduna, domin an kasa daidaitawa a kan kuɗi. Canjin aiki hujja ce karɓaɓɓiya, mu da kanmu mun lissafa ta a sama. Amma tambayarmu ga Gwamnati take. Wane injiniya ne ya duba hanyar nan a 2017 ya ce gyara ya ishe ta? In birkila ya ce maka faci za a yi wa bango, bayan shekara uku ya ce a'a, rushewa za a yi, kuɗi kuma ninki biyar, ai sai ka nemi ya yi maka bayani a gaban mai unguwa. Ga shekaru bakwai tsakanin bayarwa da sokewa, direbobi na ta canja taya, tumatir na ruɓewa a hanya, wa ya biya su wannan?

Wannan hali ba yau ya fara ba. Dattawanmu sun ba mu labarin zamanin En'e, kafin a kawo ƙananan hukumomi a 1976, yadda kwangila ke bin mai katin jam'iyyar da ke mulki, ɗan hamayya kuwa ko ya fi kowa iya aiki sai kallo. A 1975, zamanin Janar Gowon, hukumomin Gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke fiye da wajen tan miliyan ɗaya a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi layi a teku wata da watanni, ƙasa na biyan kuɗin jira kowace rana, siminti na daskarewa cikin jirgi. Ba ɗan kasuwar da zai yi haka da jarinsa.

Hanyoyin cutar kuwa sanannu ne. Akwai mai karya farashi da gangan don ya sami aikin, ya karɓi kafin alƙalami, ya kawo katafila biyu su kankare ƙasa, a ɗauki hoto, ya ɓace. Bayan shekara biyu ya komo ya ce kaya sun tashi, a sake duba kuɗi, alhali jinkirinsa ne ya kai aikin cikin tsada. Akwai kuma sayar da kwangila hannu-hannu. A ba wani ɗan siyasa wanda ko shebur ba ya da shi aikin azuzuwa biyu, ya cire nasa ya sayar wa wani, wancan ya cire nasa ya sayar wa na uku, kafin ta iso hannun maginin da zai yi aikin ta rame. Shi kuma ya rama a kan siminti da rodi, iskar bazara ta farko ta yaye rufin, a ce birkila ne bai iya aiki ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba mu ce laifin duka na 'yan kwangila ne ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin da ke riƙe kuɗin wanda ya gama aiki shekara da shekaru, ita ke koya masa tsuga kuɗi. A Nuwamba 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwa kuwa sama da haka suke ba da rance. Ɗan kwangilar da ya ci bashi ya yi aiki, ya san sai ya yi shekara yana zarya a ofis, ya san kuma sai ya ba da na goro a kowane tebur kafin fayil ɗinsa ya motsa, labudda zai zuba duk wannan cikin farashi. Ba zai rubuta shi da sunansa ba, "kaya sun tashi" zai ce. Talaka ya biya sau biyu ke nan, ya biya kuɗin aiki, ya biya kuɗin sakaci.

Doka kuwa akwai ta. Dokar ba da kwangila ta Tarayya, wadda marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a 2007, ta ce a yi shelar aiki kowa ya taya a fili. Yadda aka kafa ta a shekarar nan, ta ƙayyade kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15 cikin 100, ta kuma ce kuɗin da Gwamnati ta riƙe fiye da kwana 60 jinkirtacce ne, sai ta biya da ƙari. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ofishin Gwamnati ya nemi takardu, a ba shi amsa cikin kwana 7. A Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar nan ta hau kan jihohi ma. Takobi ne aka ba mu muka bar shi cikin kube.

ABIN DA MUKE NEMA

Jam'iyyarmu ba ta gāba da ɗan kwangila mai gaskiya, babba ko ƙarami. Ga abin da muke nema.

A kafa allo a bakin kowane aikin Gwamnati, da Hausa da Turanci, a rubuta sunan mai kwangila, da kuɗin, da ranar farawa, da ranar gamawa. In an ƙara kuɗi, a ƙara layi a allon, a faɗi nawa, a faɗi dalili.

Duk ƙarin da za a yi a buga lissafinsa abu-abu, kamar yadda muka ce birkila ya yi, ƙarin kuma ya tsaya a kan aikin da ya rage kaɗai. Wanda jinkirinsa ne ya kai aiki cikin tsada, shi zai ɗauki asarar. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

A hana sayar da kwangila, a riƙa ba masu sana'a na gari ƙananan ayyuka kai tsaye, ta hannun ƙungiyoyinsu. Gwamnati kuma ta biya wanda ya gama aiki a kan kari, don a toshe masa hanyar fakewa da jira.

Ku kuma 'yan'uwa a rassa, kada ku jira sai lokacin zaɓe. Kowane reshe ya zaɓi aiki ɗaya a unguwarsa ko ƙauyensa, rijiyar burtsatse ce, ko aji, ko kwalbati, ko rumfunan kasuwa. Sakataren reshe ya rubuta takarda cikin ladabi zuwa ofishin da ya ba da aikin, ya tambayi nawa aka bayar, wa aka ba, nawa aka biya, an yi ƙari ko ba a yi ba. Ku ɗauki birkila da kafinta na cikinku su je su duba aikin, su ƙidaya, su faɗi abin da zai ci a kasuwar yau, gama su ba a yi musu rufa-rufa a kan bulo. Ku aiko mana da amsar da lissafin naku, mu jera su gefe da gefe a wannan shafi. In ba a amsa ba, ku aiko da ranar da kuka kai takardar, ita ma za mu buga.

Ku da kuke kwance buhun gero ku zura hannu har ƙasa kafin ku biya, ku da ba a cuce ku a mudu, don me za a cuce ku a biliyan? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ce kaya sun tashi, mai shebur ne ko mai katafila, ku ce masa madalla, kawo takarda mu gani.

Allah ya ba mai gaskiya ribar guminsa, ya tona asirin macuci, ya ba talaka sawaba. Amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.